Yawon Buɗe Ido Daga Tsohuwar Abuja Zuwa Sabuwa

Tun zamanin kakanni Bahaushe matafiyi ne, amma ba ya ɗaura kaya sai da dalili. Ko dai fatauci ya fitar da shi zuwa Gwanja neman goro, ko ci-rani, ko neman ilmi a gabas, ko kuwa ziyarar dangi da aikin Hajji. A ce mutum ya kwashi mata da yara ya biya kuɗin mota don kawai su je su kalli wani wuri su komo, wannan baƙon abu ne, har yau ma akwai dattawan da ke yi masa kallon aikin wanda kuɗi suka yi wa yawa. To amma zamani riga. Yaran yanzu suna ganin wuraren wasa na ƙasashen duniya a cikin wayar iyayensu, tun daga Disneyland da aka buɗe a Amurka a 1955 har zuwa na Dubai, kuma idan aka koma makaranta bayan hutu kowa ya kan faɗi inda aka kai shi. Yaron da ba a kai ko'ina ba sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Uban da ya lura da wannan shirun kuwa, abin ya kan tsaya masa a rai.

Akwai wani magidanci a unguwar Hashimi cikin garin Suleja, a Jihar Neja, ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya a Abuja. Shi haifaffen garin ne, amma zamansa ɗaya ne da na dubban baƙin da tsadar haya ta koro daga birnin, watau a Suleja ya ke kwana, a Abuja ya ke wuni. Da an sallame sallar asuba sai ya nufi tasha, mota ta bi da shi ta Madalla da Zuba da Dei-Dei da Kubwa, ba ya ƙara taka ƙofar gidansa sai bayan lisha. Mutum 10 ke ci daga albashinsa: shi da maiɗakinsa, da mahaifiyarsa wadda ta manyanta ƙwarai, da 'ya'yansa 5, da marayu 2 da ƙanensa ya rasu ya bar masa. Yaran nan ba su ganinsa da rana sai Asabar da Lahadi, su ma ɗin rabinsu a barcin gajiya su ke ƙarewa.

Wata rana Auta ta tambaye shi ko gaskiya ne a garin da ya ke aiki akwai lilon da ke kai mutum sama har ya hango duniya. Ya ce gaskiya ne. Don ya sami sararin cin tuwonsa sai ya ƙara da cewa, in kowa ya ci jarrabawa zai kai su su gani da idonsu. Shi ya faɗa ya manta, su kuwa yara suka riƙe, har suna ƙirga kwanaki a jikin bango da gawayi. Alkawari kaya ne, balle wanda aka yi wa yaro.

Da ya ga abin ba wasa ba ne sai ya fara bincike. Ran nan da aka tashi cin abincin rana ya je wurin wasan da a ke kira Magicland, kusa da babban filin wasa na ƙasa, wanda aka buɗe a 2007 da sunan Wonderland. Ya tsaya ya dudduba, ya yi tambaya, ya rubuta. Abin da ya fara ganewa shi ne, a irin waɗannan wurare kuɗin ƙofa ba su ne ke karya magidanci ba. Bayan an shiga, kowane lilo da nasa kuɗin, kuma shi mai yara 7, duk abin da aka faɗa masa sai ya ninka shi sau 7. Ga masu gugguru da askirim sun tare kowace kusurwa. Ga kuma kuɗin mota, waɗanda suka yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023. Da ya tattara lissafi a bayan wata tsohuwar takarda, sai ya ga wuni ɗaya tak zai lashe mafi yawan albashin wata.

Ya kai maganar majalisar da ya kan zauna ran Lahadi da yamma. Wani abokinsa ya ce masa, "Malam, ai daidai ruwa daidai tsaki. Ɗauki naka guda 5 ka kai su, marayun a sayo musu alewa. Tsohuwa kuwa, ina ruwanta da lilo?" A lissafi maganar ta yi daidai, domin mutum 7 sun fi 10 sauƙin ɗauka. Ya kwana biyu yana juya ta, daga nan ya gaya wa maiɗakinsa. Ta ce, "Malam, yaran nan kwano ɗaya su ke ci, tabarma ɗaya su ke kwana. Ranar da ka raba su a bakin mota, ba za ka sake haɗa su ba. Ina da kwasar adashi a watan Disamba, a zuba a ciki. In ba za ta kai mu duka ba, a haƙura duka." Daga ranar nan aka daina tambayar wa za a ɗauka, aka koma tambayar yaya za a yi kuɗin su ɗauki kowa.

Mafita kuwa daga inda ba a zata ba ta fito. Wani dare ana hira a tsakar gida, tsohuwa ta ji yara suna ta ambaton tafiya, sai ta ce, "Wai ina ne za a kai mini mazajen nawa da kishiyoyina?" Maigida ya ce, "Abuja, Inna." Ta ce, "To, yanzu a ina mu ke?" Yara suka bushe da dariya, suna tsammanin ruɗewar tsufa ce. Babbansu, wanda ke makarantar sakandare, ya ce, "Kaka, nan ai Suleja ne." Ta ce, "Ni dai a Abuja aka haife ni, a Abuja aka yi mini aure, a Abuja na haifi ubanku, kuma ban taɓa yin ƙaura ba." Maigida ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk cikin 7 ɗin nan babu wanda ya san abin da ta ke nufi.

Alhali kuwa gaskiya ta faɗa. A farkon ƙarni na 19, sa'ad da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya sauka wajen Zuba. Bayan an kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abubakar, wanda a ke kira Abu Ja, ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa garin a 1828 aka sa masa sunansa. Don haka ne har yau sarautar garin ta ke Sarkin Zazzau. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin wannan ƙasa da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya ran 3 ga Fabrairu, 1976, masarautar ta ba da yanki mai yawa na ƙasarta, garin kuma ya bar wa sabon birni sunansa, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Gwamnati ba ta tare a sabon birnin ba sai ran 12 ga Disamba, 1991. Ke nan tsohuwa ta girmi Abujar da jikokinta ke mafarki da shekaru masu yawa.

A daren nan maigida ya sake shawara. Ya ga cewa ya yi ta fafutukar kai yara su ga garin da ya ari sunan, su kuwa ba su san mai sunan ba, ga kuma wadda ta san labarin tana zaune a ɗaki, ƙarfinta kullum raguwa ya ke yi. Ya ga kuma abin da ke kusa ba ya cin kuɗin mota. Sai ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya raba tafiyar kwana 3: rana ta farko cikin gari, ta biyu magangarar ruwan Gurara, ta uku Abuja da lilonta. Ya ajiye lilo a ƙarshe da gangan, domin ya san in aka fara da shi, sauran duk za su zama lami a bakin yara.

Sa'an nan aka zo zaɓen lokaci, wanda shi ma sai da aka yi nazari. Dogon hutu yana faɗawa cikin Agusta, tsakiyar damina, lokacin da Gurara ke cika tana ruri, kyan gani gare ta amma duwatsunta santsi, ba wurin zuwa da ƙananan yara da tsohuwa ba ne. Ranakun Salla kuwa wuraren wasa su kan cika maƙil, yaro ya yi awa guda a layi don lilon minti kaɗan, direbobi kuma su tsauwala kuɗi. Saboda haka ya zaɓi hutun Disamba, ruwa ya ja baya, rana ba ta da zafi, ga kwasar adashi ta zo. Ya nemi hutun shekara a ofis tun da wuri, ya sa tafiyar a tsakiyar mako, kafin cunkoson Kirsimeti da sabuwar shekara.

Kuɗin ma ya kasa su kashi-kashi, kowanne a ambulan dabam. Na mota ya fara cirewa, ya yi ciniki da wani direban bas na unguwa tun saura mako 2, shatar kwana 2, aka yanke magana har da man fetur don kada a yi musu a hanya. Na biyu kuɗin ƙofa da na lilo. Na uku na ko-ta-kwana, ya ba maiɗakinsa ta ɗaure a bakin zane, da sharaɗin ba za a taɓa ba sai ciwo ko lalacewar mota. Abinci kuwa aka ce daga gida za a tafi da shi, dafa-duka a kula, da dambu, da zoɓo, da jarkar ruwa. Aka tara yara aka gaya musu tun a gida cewa kowa lilo 2 zai hau, shi zai zaɓa da kansa, ba ƙari. Wanda zai yi kuka ya yi shi yanzu. Aka haɗa kowane babba da ƙaraminsa, aka rubuta lambar wayar uba a 'yar takarda aka sa wa kowane yaro a aljihu. Dokar ƙarshe ita ce, duk inda aka je, a yi sallar magariba a gida.

Rana ta farko aka sa tsohuwa da Auta a keke mai ƙafa uku, sauran suka bi a ƙasa. Aka fara da ƙofar fada, inda ta lissafa musu sarakuna tun daga Abu Ja, ta nuna musu inda ta ce ganuwa ta bi, wurin da yanzu shaguna ne da gidaje. Daga nan aka wuce gidan tukwane, wanda wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya kafa a farkon shekarun 1950 don koyar da ginin tukwane na zamani. A nan maigida ya zaro takardar naira 20 ya ce su duba bayanta. Matar nan da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga Kwali, wadda ta shiga wannan gida a 1954, mace ta farko da aka ɗauka. Tun kafin haka Sarki Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada saboda kyansu. Ta kan zana kunama da kifi da ƙadangare da kada a jikin randa, ta je Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, kuma ko da ya ke ba ta yi karatun boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Tsohuwa ta ce tana yarinya su kan leƙa su ga mata da maza suna juya yumɓu, ga hayaƙin matoya yana tashi. Da aka juya takardar sai ga hoton Murtala. Babban yaron ya yi shiru yana kallo, can ya ce ashe wanda ya kafa sabuwar Abuja da wadda ta fitar da sunan tsohuwar a takarda ɗaya su ke. Da la'asar aka gangara Mayanka, inda ruwa ke zubowa a kan duwatsu, wurin da manya ke cewa nan a ke zartar da hukuncin kisa a zamanin sarakunan farko. Yaran da suka yi ta surutu tun safe, a nan kowa ya kama hannun ɗan'uwansa. Abin da aka kashe duk wunin bai wuce kuɗin keke da na rake ba.

Kashegari bas ta ɗauke su ta hanyar Minna, ta Dikko da Lambata, aka ratse zuwa magangarar Gurara kusa da ƙauyen Bonu. Tun kafin a ga ruwan a ke jin ƙararsa. Yana faɗowa ne daga tsawon kimanin mita 30, kuma ko da ya ke rani ya rage shi, ya rabu reshe-reshe a kan baƙin dutse, ya isa ya sa yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na rafin Iku ba ya saki baki. Aka shimfiɗa wa tsohuwa tabarma a inuwa daga sama. Maigida ya ja layi a kan yashi da sanda ya ce ba mai ƙetarewa, ya tsaya a kai da kansa har aka tashi, domin iya ruwa fid da kai, shi kuwa cikin ayarinsa babu wanda ya iya. Ana cin dambu ya gaya musu cewa a can sama an datse wannan kogi, ana tura ruwansa ta bututu zuwa madatsar Usuma, wadda Abuja ke sha daga gare ta. Uwar yara ta yi dariya ta ce, suna daga nan, ƙasa daga nan, ruwa daga nan, har maigidan ma daga nan a ke kai musu kullum.

Rana ta uku aka fita da hantsi, ba da duhun asuba ba kamar yadda ya saba. Da aka wuce Madalla ya ce direba ya tsaya a gefen hanya. Dutsen Zuma na tsaye cikin hazo, har a hankali aka fara rarrabe abin nan mai kama da idanu da hanci da baki a jikinsa. Ya fito da takardar naira 100 irin wadda aka fitar a 1999, yara suka yi ta gwada hoton da dutsen. Tsohuwa ta ce Gwarawa da Koro na kewayen nan sun daɗe suna girmama shi, a da ba kowa ke kusantar gindinsa ba. Shi kansa maigida shekara da shekaru yana wuce dutsen nan sau 2 a rana, da asuba yana gyangyaɗi, da dare yana gyangyaɗi, rabon da ya ɗaga kai ya dube shi har ya manta.

A Abuja aka cika alkawari. Kowa ya hau lilonsa 2. Namijin da ya fi kowa cika baki a gida shi ya fi kowa ihu da jirgi ya lula da shi sama, ƙaramar marainiyar kuwa ta sauko tana tambaya ko shi ke nan. Jikoki suka matsa wa tsohuwa ta hau dokin nan mai kewayawa, ta ce ita da ta hau jaki mai rai ba ta da sha'awar na roba. Aka yi azahar a Masallacin Ƙasa, aka tafi lambun Millennium a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe ran 4 ga Disamba, 2003, aka shimfiɗa tabarma aka buɗe kula. A kan hanyar komowa ya sa direba ya bi ta gaban ma'aikatarsu, ya nuna musu tagar ofishinsa. Auta ta ce, "Baba, duk nisan nan ka ke zuwa kullum?" Ya ce, "Kullum." Ba wanda ya ƙara magana har aka wuce Kubwa. Ana kiran magariba bas na tsayawa a Hashimi, ƙullin bakin zane kuwa ba a kwance shi ba, da shi aka sayi littattafai da aka koma makaranta a Janairu.

Ba wani abin mamaki wannan magidanci ya yi ba, lissafi ya yi kafin ya taka mota, ya kuma ƙi barin kowa a baya. Lilon Abuja ya faranta wa yara rai, ba mai musun wannan, hakkinsu ne kuma su yi wasa. Amma har yanzu idan naira 20 ta shigo hannun ɗayansu sai ya juya bayanta kafin ya miƙa wa mai shago, kuma babban ya sayi littafi yana zama wajen kakarsa da dare yana rubuta abin da ta ke tunawa.

Mai karatu da ke Kano yana da Dala da Gidan Makama, na Katsina yana da Gobarau, na Daura yana da rijiyar Kusugu, na Zariya yana da Kufena, na Sakkwato yana da Hubbare, na Bauchi yana da Yankari. Kusan kowane gida kuma yana da tsoho ko tsohuwar da ta san labarin da ba ya cikin littafin makaranta. Dutse da rijiya za su jira har baɗi da baɗin baɗaɗa, tsofaffin ne ba su da wannan tabbaci. Wanda Allah Ya hore wa kuɗin lilo ya kai yaransa su hau, amma ya ware wuni ɗaya na garinsu, ya sa tsohuwa a gaban mota. Allah Ya ba kowane magidanci ikon sauke nauyin iyalinsa, Ya jiƙan magabata, amin.